Ba Fetur Kaɗai Ya Kashe Dandali Ba

Duk taron da marubuta suka yi a 'yan shekarun nan, in dai aka taɓo zancen wasan kwaikwayo, sai ka ga wani ya miƙe ya yi masa ta'aziyya. Wai wasan dandali ya riga ya mutu, tsada ce ta kashe shi, saura kawai a yi masa sutura a koma ga fim. Sai kowa ya gyaɗa kai, a wuce batu na gaba. Ni dai wannan ta'aziyya ta ishe ni, domin kuwa ana yin ta ne a kan mara lafiyar da bai cika ba, kuma da yawa daga cikin masu zaman makokin da hannunsu dumu-dumu a ciwon nasa.

Kada wani ya ce na musa tsada. Wanda duk ya musa ta, to ba a ƙasar nan yake kwana ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka yi shelar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a garuruwan Arewa kafin mako ya zagayo, kuma a watan Oktoba na 2024 ta tsallake naira 1,000. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce naira 1,500 a farkon 2024, ta ja kuɗin yadi da fenti da ƙwan fitila da waya da lasifika suka bi ta a baya. A watan Afrilu na wannan shekarar aka ninka wa 'yan rukunin A kuɗin wutar lantarki har sau uku, su kuma masu zauren taro ba daga aljihunsu za su cike giɓin ba, kan mai haya suka ɗora. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yuli na 2024, amma ina ruwan ɗan wasan unguwa da wannan? Shi tela ne, ko ɗalibi, ko mai gyaran waya, ko malamin makarantar kuɗi.

Wanda bai taɓa shirya wasa ba zai zaci ranar wasan ce ke cin kuɗi. Ina! Gwaji ne ke cinye ƙungiya. A ce kana da 'yan wasa 15, kuna bukatar yamma 20 kafin wasa ya nuna. Zuwa da komowa 300 ke nan. Duk abin da mai a-daidaita-sahu ya ƙara a kuɗin mota, sai ka ninka shi sau 300 kafin a kafa ƙusa ko ɗaya a dandamali. Ga 'yan mata kuma, waɗanda iyayensu ba za su yarda su taka da ƙafa bayan magariba ba, kuma suna da gaskiya. Wannan ciwo ne na haƙiƙa, ba ni da ja a kansa.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ina roƙon duk mai karanta wannan mujalla da ya nemi takardar kasafin kuɗi ta wasan da aka yi na ƙarshe a garinsu, ya ɗauki jan biro, ya ja layi a ƙarƙashin duk abin da ba wasa ba ne. Zai tarar da hayar zauren biki mai na'urar sanyaya ɗaki. Zai tarar da katin gayyata mai ruwan zinare, da ƙyallen talla ɗauke da hoton babban baƙo wanda ya fi sunan wasan girma. Ga kujerun alfarma na babban teburi, ga lemo da ruwan gora da nama na manyan baƙi, ga mai gabatarwa, ga mai ɗaukar hoto, ga allunan lambar yabo da za a raba wa mutanen da ba su taɓa kallon wasa har ƙarshe ba. In ya gama jan layi, ya duba abin da ya rage wa 'yan wasa da kayan wasa da marubuci. Sau da yawa marubucin ma ba ya cikin takardar, godiya ce rabonsa, in an tuna da shi.

Ranar wasan kuwa kowa ya san yadda take kasancewa. An sa ƙarfe huɗu, babban baƙo bai iso ba sai shida saura, in ma ba wakili ya aiko ba. Janareta na ta shan mai tun uku da rabi. Sai jawabin shugaban taro, da na uban taro, da na uwar taro, da na babban mai ƙaddamarwa, kowa sai ya faɗa mana cewa wasan kwaikwayo madubin al'umma ne. Kafin a ɗaga labule an kusa kiran salla, sai a raɗa wa mai ba da umarni cewa ya datse fitowa biyu domin mai girma yana da wani taron. Yaran da suka yi wata biyu suna haddace magana su fito su yi rabin wasa a gaban kujerun da suka fara zama wayam. Daga nan sai alkawura: wane ya ba da kaza, wane zai aiko da kaza. Sakataren ƙungiya ya shafe wata uku yana zarya a ƙofar ofis da kuɗin motarsa, daga ƙarshe a ce masa Alhaji ya yi tafiya. Sannan a dawo taron marubuta a ce fetur ne ya kashe wasa.

Jama'a, yaushe muka koyi wannan? Bahaushe bai san wasan kwaikwayo a cikin zaure mai ƙofa ba. Da goma ga azumi yara ke fita tashe, gemun auduga da tsummoki da gwangwani sun ishe su su kwaikwayi tsoho da mai magani da miji da mata, kuma su ba dattijo dariya har ya ga kansa a ciki. Ɗan kama da 'yar takardarsa da ludayinsa yake tara kasuwa guda. A kalankuwa samarin ƙauye kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da ɗan sandansu bayan kaka, a yi shari'a a yi tara, kowa na kallo. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, har su nuna masa abin da ba mai iya faɗa masa da baki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa jiran babban baƙo.

Ko da wasan zamani ya shigo ta hanyar makaranta, daga ɗan littafin wasanni shida da R. M. East ya fitar, ai a filin makaranta ya yi wayo. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni yana caccakar zalunci da cuta, da allo da benci da rigunan aro. A 1975 Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin Michael Etherton, kuma da aka tashi gina gidan wasa a Samaru, da jar ƙasa aka gina shi, ɗakuna zagaye da fili a tsakiya kamar tsakar gidan Bahaushe. A 1977 ɗaliban suka fita zuwa Soba da Wasan Manoma, bayan shekara biyu suka je Maska. Sai su zauna da manoma su ji kukansu, su ƙulla wasa a kansa, su yi shi a dandalin gari da hasken rana. Jami'a ce fa, mai farfesoshi da kasafin kuɗi, ta gane cewa inuwar bishiya ta isa. Mu kuwa da ba mu da ko sisi mun ce sai zauren biki.

Sai dai kada gwamnatoci su ji na taso wa 'yan'uwana su ɗauka sun tsira. Kusan kowace jiha ta Arewa tana da hukumar raya al'adu, da ma'aikata, da daraktoci, da zaure ko buɗaɗɗen dandali da aka gina da kuɗin talakawa domin irin wannan aiki. Tun da guguwar tsuke bakin aljihu ta 1986 ta kaɗa, aka ce kowace hukuma ta nemo kuɗin shiga, sai waɗannan wurare suka koma na kamu da walima da taron siyasa. Haka gidajen talabijin da a da suke ɗaukar ƙungiyoyin wasa suka koma cewa sai ka zo da mai ɗaukar nauyi. Ƙungiyar samarin unguwa ba za ta iya gasar farashi da uwar amarya ba, wannan ko makaho ya gani. An ƙaddamar da manufar al'adu ta ƙasa a 1988, an kafa dokar asusun tallafa wa fasaha a 1991. To ina so wanda ya san ƙungiyar wasa guda ɗaya tak a Gusau ko Azare ko Gumel da ta taɓa cin kwabo daga wannan asusu ya rubuto wa mujallar nan, mu sha labari. A Legas kuwa bankuna sun zuba naira biliyan 68 wajen gyaran babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka sa wa sunan Wole Soyinka a 2024. Madalla, ba mu yi baƙin ciki ba. Amma abin da ake bukata a nan bai kai kuɗin fentin wancan ba: mabuɗi ne kawai, da izinin kwana biyu a wata.

Maƙwabtanmu na Nijar sun taɓa gwada wata hanya. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya a unguwanni da ƙauyuka, ana gasar wasan kwaikwayo tun daga ƙaramar hukuma har zuwa bikin matasa na ƙasa, kuma a wannan zamani ne irin su Yazi Dogo suka yi suna da wasan Hausa. Gwamnati ta ba da fili da mota da abinci, wasa ya bunƙasa. Amma soja bai yi haka don Allah kawai ba, yana da saƙon da yake so a isar, kuma 'yan wasan sun san iyakar da ba a tsallakewa. Na kawo wannan ne don a san cewa ko wace hanya kuɗi ya biyo, da igiya a wuyansa.

Wannan ya kawo ni ga ƙungiyoyin ba da tallafi, waɗanda a ganina sun fi fetur yi wa dandali illa, ko da yake da kyakkyawar niyya suka zo. Tun daga shekarun 1990 suka gano cewa wasa ya fi lacca shiga kunnen talaka, sai suka shiga ɗaukar ƙungiyoyi haya: wasan ƙanjamau, wasan shan inna, wasan gidan sauro, wasan wanke hannu, wasan zaɓe. Ban raina ko ɗaya ba, rai ake ceta. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Kasafin da aka tsara da dala ya zo ya sa wa komai sabon farashi. Ɗan wasan da a da yake zuwa gwaji don sha'awa ya koyi kalmar alawus. Mai lasifika ya koyi farashin baƙi. Mai unguwa ya koyi cewa ba a taro a ƙofar gidansa sai an ga ido. Kai, har 'yan kallo an koya musu karɓar kuɗin mota da lemo a kan su zo su kalli wasa a unguwarsu! A ƙasar da ɗan kallo ke jefa wa ɗan kama kwabo, yau shi ake biya ya zauna. Tsakanin mai ba da kuɗin da yaran da ke tsalle a rana kuma akwai ɗan kwangila mai jaka da kwamfuta, wanda shi ke rubuta rahoto. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Babbar hasarar ma ba ta kuɗi ba ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wasan da aka biya kuɗinsa daga wani ofis a Abuja an riga an rubuta ƙarshensa kafin a nemi marubuci: jahili zai yi gardama, ma'aikaciyar lafiya za ta yi bayani, jahili zai tuba, a tafa. Ba za ka ga an taɓa kansilan da ya cinye kuɗin rijiyar burtsatse ba, ko mai gidan hayar da ya toshe magudanar ruwa, ko malamin da ke tura almajirai bara ya karɓe abin da suka samo, domin ba su cikin takardar yarjejeniya. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a farkon 2025, ta kuma rufe hukumar USAID a wannan shekarar, kowa ya ga yadda rijiyar wani take ƙafewa ba tare da an yi shawara da mai guga ba. Kuɗin ya tafi, farashin da ya koya mana yana nan daram.

Masu cewa fim ya gaji dandali, don haka a bar kaza cikin gashinta, su ma ina da magana da su. Wa ya haifi fim ɗin? Turmin Danya da ya fito a 1990, wanda ake ƙirga farkon finafinan bidiyo na Hausa daga kansa, aikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ne. Ƙungiyoyi irin su Maitama Sule da Gyaranya da Jigon Hausa su ne makarantar da ta yaye mutanen da suka kafa sana'ar a Kano. Wanda ya ga marigayi Kasimu Yero ko marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya san cewa wannan iya tsayuwa da iya sarrafa murya ba a gaban kyamara kaɗai aka same su ba. Yanzu da aka rufe makarantar, ku saurari yadda wasu sababbin 'yan fim ke furta Hausa kamar masu karanta takardar asibiti. Bayan haka, akwai aikin da fim ba zai taɓa yi ba. Babu mai zuba kuɗi ya yi fim a kan kwatar unguwa ɗaya. Wasan dandali ne kawai ke iya tsayawa a gaban mutum ɗari biyu da suka san juna, ya faɗi abin da kowa ya sani amma ba mai faɗa, wata tsohuwa ta ɗaga murya daga baya ta ce ƙarya ne ba haka aka yi ba, a tsaya a yi ta. Wayar hannu ba ta amsa wa tsohuwa.

Saura marubutanmu, kuma a nan ne na fi so a saurare ni, musamman masu tasowa. Da yawa daga cikin wasannin da ake rubutawa yanzu ba don dandali aka yi su ba, don shiga manhajar jarrabawa ko cin gasa aka yi su. Za ka buɗe wasa ka tarar da mutum 30, fitowa 25, ta farko a filin jirgin sama, ta biyu a cikin mota tana gudu, ta uku a asibiti ana tiyata. Wace ƙungiya ce za ta iya wannan, ko da lita tana naira 20? Fim ne aka rubuta aka sa masa rigar wasa. Ku koma ku duba Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, ko Uwar Gulma na Muhammadu Sada, ko Tabarmar Kunya na Adamu Ɗangoggo da Dauda Kano, ko Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Zaure ne da tsakar gida da gaban alƙali da bakin titi, ƙarfinsu duk a bakin mutanen yake. Maƙarfi da Yusuf Ladan ta rediyo wasanninsu suka fara shiga gidaje, inda babu labule babu fenti, magana ce kaɗai za ta riƙe mai sauraro ko ta sake shi. Shi ya sa ɗaliban sakandare suka yi shekaru suna yin irin waɗannan wasanni da tabarma biyu da buta. Marubucin da bai taɓa zama a bayan 'yan kallo ya ji inda maganarsa ta faɗi ƙasa ba wanda ya yi dariya ba, bai gama koyon sana'arsa ba, komai yawan lambobin yabonsa.

Na san abin da za a ce. Za a ce wannan mutum yana yi wa talauci kirari, yana so ɗan wasa ya yi ta wahala a banza. Ko kusa. Cewa nake yi ɗan wasa da marubuci su ne farkon waɗanda za a biya, kuma kuɗin yana nan, a kan babban teburi ake cinye shi. Sannan akwai wani lissafi mai sauƙi da muke ƙin yi. Kuɗin gwaji da na tufafi sau ɗaya ake kashe su, ko wasan sau ɗaya aka yi ko sau goma. Wasan da aka yi wa gwajin wata biyu aka nuna shi yamma ɗaya tak, shi ne wasa mafi tsada a duniya, kuma shi muka fi ƙwarewa a kai. A ɗauki wannan wasan a kai shi filin firamare goma a unguwanni goma, tsakanin la'asar da magariba, lokacin da Allah Ya ba da fitila kyauta kuma iyaye ba sa fargabar dare. A zagaya da 'yan kallo kusa yadda murya za ta kai ba sai da lasifika ba. A karɓi ɗan abin da ya sawwaƙa a ƙofa, ko a zagaya da faranti. Ba za a yi arziki ba, amma za a biya kuɗin mota, a sallami yara da ɗan abin sabulu, kuma ba mai datse fitowa biyu don yana sauri. Wanda ya saka naira ɗari daga aljihunsa ya fi mai girma zama har ƙarshe.

Akwai wuraren da rashin tsaro ya hana ko taron suna, balle wasa. Waɗannan ba da su nake ba, Allah Ya kawo musu sauƙi. Ina magana ne da garuruwan da ake cika filin ƙwallo kowace yamma, ake kwana ana kiɗan biki, amma a ce wasan kwaikwayo ne kaɗai ba shi da wurin tsayawa.

Don haka ga abin da nake so a sa a ajandar babban taronmu mai zuwa, kuma ina fata wani zai goya mini baya. A gasar wasan kwaikwayo ta gaba a gindaya sharaɗi: kada 'yan wasa su wuce shida, kada wasa ya wuce sa'a ɗaya, kuma ya zama za a iya yin sa ba wutar lantarki. Kada a ba kowa kyauta sai alƙalai sun ga wasan a tsaye a gaban jama'a, ba a takarda ba. Kuɗin da aka saba kashewa a allunan yabo a ba ƙungiyar da za ta zagaya da wasan da ya ci. Shugabannin rassa kuma kowa ya rubuta wa hukumar al'adu ta jiharsa takarda, ya nemi a ware wa ƙungiyoyin unguwa kwana biyu a wata a zauren gwamnati ba tare da kuɗin haya ba. Amsar da kowace hukuma ta bayar a buga ta a fitowa ta gaba ta wannan mujalla, da kwanan wata. Wadda ta yi shiru a bar mata fili fari a ƙarƙashin sunan jiharta.